Darasin Wata: Riƙe Kayan Aro Bayan Rabuwa, Sata Ne?

Sabon Tasha babbar unguwa ce a kudancin garin Kaduna, a hayin kogi, kan hanyar da ta nufi Kachia. Tana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. Bayan rikicin da aka yi a Kaduna cikin watan Fabrairu na shekarar 2000, mutane da yawa sun sake unguwa, wannan ɓangare na gari ya ƙara cika. Akwai Gbagyi, da Bajju, da Atyap, da Ham, da Adara, da Ibo, da Yarbawa da sauransu. Kowa da harshensa, amma a kasuwa Hausa ce ke haɗa mafi yawansu.

Samari da 'yan mata suna barin ƙauye su zo nan neman sana'a. Ɗaki ɗaya ake kamawa haya, kaya kuma ba yawa. Don haka aro ya zama dole. Wannan ya ari dutsen guga, wancan ya ari risho, wata ta ari akwati za ta gida bikin Kirsimeti ko Sallah. Idan soyayya ta shiga tsakani, ba a ma ƙirga abin da ya fita daga wannan ɗaki ya shiga wancan. Sai ranar da aka ɓata ake fara lissafi.

Ga misali. A ce wani saurayi bakanike ne, yana neman wata yarinya mai koyon ɗinki. Yayarsa tana da keken ɗinki da ba ta aiki da shi. Sai ya karɓo ya kai wa yarinyar, ya ce, "Ki riƙa koyo da shi kafin ki sayi naki." Ban da keken, ya saya mata zane, da takalmi, da wayar hannu. Bayan shekara biyu suka rabu. Ya aika a karɓo masa komai, ta ƙi bayarwa. Ya tsaya a ƙofar gidan da take haya yana kiranta ɓarauniya, ya ce zai kai ta caji ofis. Maƙwabta suka ce a fara zuwa wurin mai unguwa.

A gaban mai unguwa saurayin ya ce, "Ranka ya daɗe, ta sace mini keke da waya."

Mai unguwa ya ce, "'Yata, kin ji abin da ya faɗa?"

Ta ce, "Baba, ban shiga ɗakin kowa ba. Shi ya kawo da hannunsa. Shekara biyu ina dafa masa abinci, ina yi masa wanki. Keken nan ladan wahalata ne."

Kowannensu yana da gaskiya a wani wuri, kowannensu kuma ya kauce a wani wuri. Ita ba ta yi sata ba. Amma keken ba nata ba ne. Darasin wannan wata zai nuna dalili.

Aro, rance, ajiya da kyauta

Kafin a je ga doka, ya kamata a rarrabe kalmomi huɗu da Hausa ta riga ta rarrabe.

Aro shi ne a ba mutum abu ya yi amfani da shi ba tare da biya ba, sa'an nan ya mayar da abin nan da kansa. Wanda ya ari garma, garmar zai mayar, ba wata ba. Rance kuwa ana cinye shi ne, a biya da kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko mudun dawa. Ajiya ita ce a ba mutum abu ya tsare kawai, ba don ya yi amfani da shi ba. Kyauta ita ce a mallaka wa mutum abu gaba ɗaya.

A cikin huɗun nan, aro da ajiya ba sa raba mai kaya da kayansa. Hannu ne kawai ya sauya, mallaka tana nan inda take. Shekara goma ba ta mayar da aro kyauta. Rabuwar masoya ma ba ta yin haka. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da doka ta kira sata

Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ake kira Final Kod, an zartar da ita a shekarar 1959, zamanin Firimiya Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. An gina ta a kan dokar ƙasar Sudan, ita kuma ta Sudan ta samo asali daga ta ƙasar Indiya ta shekarar 1860. Sashe na 286 na wannan doka ya bayyana sata. Sai an sami mutum ya ɗauke abin da ake iya ɗauka, daga hannun wani, ba da yardarsa ba, kuma da niyyar rashin gaskiya. Sashe na 287 ya sa hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tara, ko duka biyu.

A lura da maganar yarda. Ita ce ginshiƙin al'amarin. Ɓarawo ba ya neman izini. Yarinyar da ke cikin misalin nan ba ta ɗauke keke daga hannun kowa ba. An kawo mata shi da rana tsaka, da fara'a. Tunda ya shigo hannunta da yardar wanda ya kawo, ba za a ce ta sace shi ba, ko da ta riƙe shi bayan an ɓata.

Jihar Kaduna ta yi tata sabuwar dokar Final Kod a shekarar 2017, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i. Lambobin sassa sun sake, wasu hukunce-hukunce ma sun sake. Amma har a sabuwar dokar, sata daban take, cin amana daban.

To, ba laifi ke nan?

A nan ne masu riƙe kaya suke ruɗin kansu. Mutum ya ji an ce ba sata ba ne, sai ya miƙe ƙafa. Bai san cewa dokar tana da wasu ƙofofi ba.

Tsohuwar dokar ta 1959 ta kawo wani laifi a sashe na 308, wato mutum ya karkatar da kayan wani ya mayar nasa da rashin gaskiya. Hukuncinsa yana iya kai ɗaurin shekara 2. Sa'an nan a sashe na 311 ta kawo cin amana, wato a damƙa wa mutum kaya, shi kuma ya cinye, ko ya sayar, ko ya mayar nasa, saɓanin abin da aka yi da shi. Hukuncin wannan, a sashe na 312, yana iya kai ɗaurin shekara 7. Mai karatu ya duba da kyau: shekara 7 ta fi shekara 5. Ashe a idon waccan doka, wanda aka amince wa ya ci amana yana iya shan hukuncin da ya fi na ɓarawon kasuwa.

Sai dai ba kowane jinkiri ne cin amana ba. Wanda ya ce, "Kayanka ne, zo ranar Asabar ka ɗauka," bai yi laifi ba. Wanda ya gaskata a ransa cewa kyauta aka ba shi, kuma akwai dalilin da zai sa mai hankali ya zaci haka, shi ma da wuya a kama shi da laifi, domin babu niyyar rashin gaskiya. Maganarsa ta zama ta jayayyar mallaka, wadda kotu ke warwarewa ta hanyar ƙarar neman haƙƙi. Inda abu ke ɓaci shi ne idan mutum ya san aro ne, aka nema, ya ce bai taɓa gani ba. Ko ya kai shi kasuwa ya sayar. Ko ya ba da shi jingina. Ko ya ɓoye shi a ƙauye. Ko ya fasa shi da gangan don huce haushi.

Akwai kuma wanda tun ranar da ya ce "ara mini" ba shi da niyyar mayarwa. Da ƙarya ya karɓa. Wannan zamba ce, ita ma laifi ce mai zaman kanta.

'Yan kasuwa masu sayen tsofaffin kaya su ma su yi hattara. A Final Kod, kayan da aka samu ta hanyar cin amana ana lissafa su cikin kayan sata. Wanda ya saya alhali ya sani, ko yana da dalilin sani, zai amsa tambaya.

Hujjar yarinyar nan kuwa, cewa keken ladan girki da wanki ne, ba ta da ƙwari. Ana tausaya mata, domin shekara biyu ba kwana biyu ba ce. Amma ba a yi da ita cewa za a biya ta da keke ba. Mutum ba ya yanka wa kansa diyya daga kayan da ke hannunsa. In tana ganin tana bin saurayin wani abu, ta kai tata ƙarar daban. Bugu da ƙari, keken ma ba nasa ba ne, na yayarsa ne. Ko da ya so ya ba ta kyauta, ba shi da ikon kyautar da abin da bai mallaka ba.

Abin da malamai suka ce

Tun ƙarshen shekarar 2001, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, Jihar Kaduna ta maye gurbin kotunan yanki da kotunan shari'ar Musulunci da kotunan al'ada, ga kuma kotunan majistare. Saboda haka yana da amfani a san abin da fiƙihu ya ce, ko da mutum ba Musulmi ba ne, domin maƙwabci ko abokin ciniki yana iya zama Musulmi.

A fiƙihu, satar da ake yi wa haddi ita ce a ɗauki dukiyar wani a ɓoye daga wurin da aka adana ta. Mai aro bai yi haka ba. Don haka mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, sun ce wanda ya musanta aro maci amana ne, ba a yi masa haddin sata. Ana tilasta masa ya mayar ko ya biya, alƙali kuma yana iya hora shi gwargwadon laifinsa. Imamu Ahmad ɗan Hambali ya saɓa a wata ruwaya. Ya kafa hujja da labarin wata mata ta ƙabilar Makhzum, wadda aka ruwaito tana aron kaya tana musantawa, aka yi mata haddi a zamanin Annabi (SAW). Sauran malamai suka ce sata ta yi ta sosai, an ambaci aron ne don a bayyana halinta. Wannan saɓani kaɗai ya isa ya nuna cewa musun aro yana dab da sata, ko da bai kai ta ba.

Malikiyya suna da wasu ƙa'idoji biyu da za su amfani manomi. Ta farko a kan ɓata ko lalacewar kayan aro. Idan abin irin wanda ake iya ɓoyewa ne, kamar tufafi ko 'yan kunne, mai aro ya ce ya ɓata, to zai biya, sai in ya kawo shaidar cewa ya salwanta ba da laifinsa ba. Idan kuwa irin wanda ba ya ɓoyuwa ne, kamar sa ko jaki, ana karɓar maganarsa, sai in an gano ƙarya yake yi ko ya yi sakaci. Wannan bayani yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukan malamai.

Ta biyu tana kare mai aro ne. Idan an sa wa aro lokaci ko aiki, mai kaya ba zai ƙwace shi kafin lokacin ba. Wanda ya ara wa surukinsa shanun noma zuwa a gama huɗa, ba zai zo tsakiyar aiki ya kwance su ba don 'yarsa ta yi yaji. Fushi ba ya warware alkawari.

Kiristoci ma suna da irin wannan koyarwa. Littafin Fitowa, sura ta 22, ya yi magana a kan wanda ya ari dabba ta ji rauni ko ta mutu. In mai ita ba ya wurin, mai aro zai biya. In yana wurin, ba biya.

Aro ne ko kyauta?

Gaskiyar magana, yawancin rigimar a nan take. Ranar da ake daɗi ba wanda ke cewa "aro" ko "kyauta". Abin da ake cewa shi ne "riƙe wannan". Bayan rabuwa, mai bayarwa ya tuna aro ne, mai karɓa ya tuna kyauta ce. Wani lokaci ba mai ƙarya a cikinsu. Kowa abin da ya fi masa daɗi ya ji.

Mai sulhu ko alƙali yana duba alamu. Wane irin kaya ne? Zane, da takalmi, da man shafawa, da turare, kowa ya san kayan toshi ne. Ba a ara wa budurwa man shafawa. Amma babur, da injin ban-ruwa, da janareta, da keken ɗinki kayan sana'a ne masu tsada, ba a cika kyautar da su da baki kawai ba. Yaushe aka bayar? Abin da aka kai ranar Sallah ko Kirsimeti a cikin leda sabo fil ya fi kama da kyauta. Sunan wa ke kan rasit? A hannun wa takardun babur suke? Wa ke biyan kuɗin gyara? Me aka faɗa a gaban mutane? A misalin nan, maganar "kafin ki sayi naki" ta gama shari'ar keke, in akwai wanda ya ji. Zane da takalmi kuwa sun tafi. Wayar hannu ita ce a tsakiya. In ya saya sabuwa ya miƙa mata ba wani sharaɗi, kyauta ce. In tsohuwarsa ce ya ba ta lokacin da tata ke wurin gyara, aro ne.

Samari da yawa suna zaton duk abin da suka kashe a kan yarinya bashi ne, ranar rabuwa za su kawo lissafi har da kuɗin tsire. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta taɓa duba irin wannan magana a shekarar 2004. Wani mai hali ne da wata mata suka yi soyayya. Akwai wani fili a Abuja da sunanta, takardun kuma suna hannunsa. Da suka ɓata ya ƙi ba ta takardun. Ya ce shi ya kashe kuɗin, kuma ya yi haka ne domin za su yi aure. Ta kai ƙara, shari'a ta tafi har Kotun Ƙoli. Mai Shari'a Niki Tobi ne ya karanta babban hukuncin. Kotu ta ba matar gaskiya. Dalilinta shi ne ba a kawo hujjar da ta tabbatar da yarjejeniyar aure ba, kuma ba kowace kyautar soyayya ce ake ɗaura wa sharaɗin aure ba. Wanda ya ce don aure ya bayar, shi zai nuna haka a fili. In fili a Abuja bai dawo ba, ina ga zane turmi ɗaya?

Maganar ta sake idan manya sun shiga, an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an kai lefe. Wannan ba toshi ba ne, kayan neman aure ne, kuma da shaidu. Ra'ayin da ya shahara wurin malaman Malikiyya na baya shi ne a duba wanda ya fasa. In namiji ne ya janye, ba ya karɓar abin da ya bayar. In ɓangaren mace ne suka fasa, sai su mayar. Amma idan akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa, ita ake bi. A kotun al'ada kuwa, al'adar ƙabilar masu shari'ar ake tambaya, shi ya sa ake kiran dattawa su yi bayani.

Idan aure ne ya mutu

A ƙauye, wannan ya fi yawa. Mace ta fita, sai rigimar kaya ta tashi.

Kayan ɗakin da iyayen amarya suka yi mata nata ne. Gado, da katifa, da kwanuka, da tukwane, miji ba shi da ikon riƙe su don ya tilasta mata dawowa, ko don yana bin ubanta bashi. Sadaki ma nata ne a Musulunci, sai fa in ita ta nemi rabuwa ta hanyar khul'i, aka daidaita a kan abin da za ta mayar. A al'adun ƙabilu da yawa kuma ana mayar da kuɗin aure in aure ya mutu, amma wannan magana ce tsakanin dangi da dangi ko a gaban kotu. Ba a biyan kai da tukwanen mace.

Idan an yi jayayya a kan kayan cikin gida kuma ba shaida, Malikiyya sun ce a duba al'ada. Abin da aka san na mata ne a ba mace bayan ta yi rantsuwa. Abin da aka san na maza ne, ko wanda maza da mata duk suke mallaka, a ba miji bayan ya yi rantsuwa. Wannan ya sa macen da ta sayi akuya ko rediyo da kuɗin sana'arta ya kamata ta sanar da wani, ko ta adana rasit.

Akwai wata ɗabi'a da ke jawo fitina, wato aro don fita kunya. Uwar amarya ta ari tasoshi da kuloli a wurin 'yan'uwa a cika ɗaki ranar jere. Dangin ango su ari turamen atamfa a cika akwati, da nufin a janye su in biki ya watse. Ita amarya ba ta sani ba, ta ɗauka duk nata ne. Malaman fiƙihu sun san wannan tun da daɗewa. A Mukhtasar na Khalil an yi bayanin cewa uba, in ya ce wasu kayan da ya kai ɗakin 'yarsa aro ne, ana iya karɓar maganarsa cikin shekara guda, da wasu sharuɗɗa. Bayan shekara sai ya kawo shaida. Wannan sauƙi na uba ne, ba na kowa ba. Angon da ya cika akwati da kayan aro, ya gabatar da su a gaban jama'a a matsayin lefe, ya jawo wa kansa. Masu kayan shi za su bi.

Yadda ake karɓar kaya

Kuskure na farko shi ne mai kaya ya ce zai ƙwato da ƙarfinsa. Ya tara abokai, ya ɓalle ƙofa, ya kwashe kaya. Shiga ɗakin mutum ba izini laifi ne. Ɓalle ƙofa laifi ne. Duka laifi ne. In kuma cikin gaggawa ya haɗa da abin da ba nasa ba, to shi ne ya zama ɓarawo na sosai. Har ma mutum yana iya satar abin da ya mallaka. Wanda ya ba da agogonsa jingina, ya lallaɓa ya ɗauke bai biya bashin ba, doka tana iya kiransa ɓarawo, domin ya raba mai jingina da haƙƙinsa.

Kuskure na biyu shi ne kiran mutum ɓarawo a bainar jama'a, ko a rubuta haka a Facebook. Ɓata suna laifi ne a Final Kod, kuma wanda aka ɓata yana iya neman diyya. Haka nan kai wa 'yan sanda rahoton ƙarya. Wanda ya je caji ofis ya ce an sace masa waya, alhali ya san shi ya bayar da hannunsa, yana iya shiga da ƙafarsa ya kasa fita.

'Yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta shekarar 2020, a sashe na 32, ta hana kama mutum don saɓanin da ba laifi ba ne, kamar karya yarjejeniya kawai. Inda 'yan sanda ke da hurumi shi ne in akwai alamar laifi, wato an sayar da kayan, ko an ɓoye, ko an musanta da gangan. Wanda ya je can ya faɗi gaskiyar yadda kayan suka bar hannunsa.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara nema cikin mutunci, a gaban shaidu biyu. In masu rabuwar ba sa son ganin juna, a aiki babba. In an ƙi, a je ga mai unguwa ko dagaci, ko liman, ko fasto, ko shugaban ƙungiyar sana'a. A wuri irin Sabon Tasha, inda kowace ƙabila ke da ƙungiyar 'yan garinsu, shugabannin nan suna kashe rigima da yawa kafin ta kai kotu. In sulhu ya gagara, sai a shigar da ƙarar neman haƙƙi. Kotu tana iya ba da umurni a mayar da kayan, ko a biya kuɗinsu, har da asarar da aka jawo wa mai su. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a shekarar 1976. Kada a bar magana ta kwana shekaru, domin shaidu suna mutuwa, suna ƙaura, suna mantuwa.

Shi ma wanda kayan ke hannunsa yana da abin yi. Ya ware na aro gefe guda tun ranar rabuwa. Ya daina amfani da su in lokacin aron ya ƙare. Ya mayar a gaban shaidu, kada ya ajiye a ƙofar gida ya tafi. In waya ce, ya kwashe hotunansa da lambobinsa, ya cire layinsa tukuna. In ya kashe kuɗi mai yawa wajen gyara, ya faɗa a gaban mai sulhu a duba.

Aikin aji

A irin wannan ƙara, abu na farko da alƙali zai so ya sani shi ne ko an nemi kayan an ƙi bayarwa. Takarda ita ce ke tabbatar da haka. Duk wanda ya iya rubuta sunansa da 'yan layuka zai iya rubuta ta, ba sai ya biya kowa ba. Malamin aji ya sa kowane ɗalibi ya kwafi waɗannan takardu biyu, ya cike guraben da kansa.

Ta farko ana rubuta ta ranar ba da aro:

"Yau ranar ...... ga watan ......, shekarar ......, ni ...... na ara wa ...... keken ɗinki ɗaya, baƙi, mai lamba ....... Aro ne, ba kyauta ba. Za a mayar ranar ....... Sa hannun mai kaya. Sa hannun mai aro. Shaidu biyu."

Ta biyu ana rubuta ta in an rabu kuma ba a mayar ba:

"Zuwa ga ....... Bayan gaisuwa, ina neman ki mayar mini da keken ɗinkin da na ara miki ranar ....... Ki kai shi gidan mai unguwa kafin kwana 14 daga yau. Ni ne ......."

Kada a sa zagi ko barazana a ciki, domin alƙali zai karanta. A rubuta kwafi biyu. Ɗaya a ba ɗan aike ya kai a gaban shaida, ɗaya kuma mai kaya ya adana tare da rasit. Wanda bai iya sa hannu ba tukuna ya dangwala babban yatsa.